Kafin Ka Bar Canon Ka Koma Sony, Zazzage Jakarka a Kan Tebur

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, wani yaro da ya koyi aikin hoto a hannuna ya same ni a shago a nan Agege. Bakina ne ya saba da ce masa yaro, amma yanzu magidanci ne mai cin gashin kansa, yana ɗaukar bukukuwa tun daga Idi-Araba har Mile 12, Yarbawa ma suna kiransa aikinsu. Bayan mun gaisa ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Oga, shawara na zo nema. So nake in sayar da kayan Canon ɗina kaf in koma Sony. Duk bikin da na je yanzu, ita nake gani a hannun mutane."

Na share tebur na ce ya zazzage min jakarsa. Ga abin da ya fito: bodin 6D Mark II, wato kyamarar kanta ba gilashi, gilashin 24-105 mai jan zobe, na 50 da na 85 masu f/1.8, sai 70-200 f/2.8 wanda na san sai da ya yi adashe zagaye biyu kafin ya mallake shi. Ga batura biyar da caja biyu, ga fitilun Godox V860 guda biyu, ga babbar fitila AD200 ɗaya da tirigarta, abin da ke tayar da ita daga kan kyamara. Na ce, "To a cikin duk wannan, wanne ne ya daina isar ka?" Ya ɗora hannu kan bodin. Katin ajiyar hoto ɗaya take ɗauka, shi kuwa gabansa na faɗuwa duk sanda ya tuna ba a maimaita ɗaurin aure. Ba ta ɗaukar bidiyon 4K, amaren yanzu kuma da shi suke fara tambaya. Sannan yana son kyamarar da za ta kama idon amarya da kanta, ta bi shi duk inda ta juya.

Buƙatun nan uku duk na gaskiya ne, babu kwaɗayi a ciki. Sai dai abu ɗaya ya nuna cikin guda 16, shirin da ya zo da shi kuma zai raba shi da 15.

Tambaya biyu ce mutanenmu ke cakuɗawa. Ta farko, in bar kyamara mai madubi, wato DSLR, in koma marar madubi? Ta biyu, in bar kamfanin da nake in koma wani? Ta farkon zamani ya riga ya amsa ta. Canon da Nikon duk sun fito da tsarinsu marar madubi mai babbar sensa (farantin da ke kama hoto a cikin kyamara) a 2018, Canon da RF, Nikon da Z, kuma tun 2020 da aka fitar da 1D X Mark III da D6 da D780 babu wata sabuwar babbar DSLR da ta sake fitowa daga wajensu. Sony ta riga su da shekara biyar, don tun 2013 ta fito da A7, sannan A7 III ta 2018 ta ja jama'a da yawa a lokacin da sauran ke ta rarrafe. Dalilin da ya sa yaron nan ke ganin ta a ko'ina ke nan. Amma wanda ya ajiye 6D Mark II ta 2017 kusa da A7 IV ta 2021 ya ga rata, ratar shekaru ya gani. In adalci ake so, sai a jera tsara da tsara: A7 IV, da R6 Mark II ta Canon ta 2022, da Z6III ta Nikon ta 2024. Dukansu suna gane ido su bi shi, dukansu kati biyu suke ɗauka, dukansu suna da abin hana girgiza a cikin bodi, kuma dukansu a kan kusan dala 2,500 suka fito a Amurka. A7 IV ta fi yawan megafiksel, 33 ne da ita, sauran biyun 24 da ɗan wani abu. R6 Mark II ta fi ta sauri nesa ba kusa ba, tana iya harba hoto 40 a daƙiƙa inda A7 IV ke tsayawa a 10, kuma tana ɗaukar 4K mai firam 60 ba tare da ta yanke gefen hoto ba, abin da A7 IV ba ta yi. Z6III kuwa tana ɗaukar ɗanyen bidiyo har 6K a cikin katinta. Kowacce da inda ta yi zarra, amma babu amaryar da za ta buɗe albam ta gane wacce aka yi aiki da ita.

Abin da ke ɗaure mai hoto ga kamfani shi ne bakin da gilashi ke shiga a jikin bodi, kuma a nan nake so a tsaya a fahimta, don duk lissafin daga nan yake tashi. Kowane baki yana da tazararsa zuwa sensa. Tsohon bakin Canon, EF, milimita 44 ne. Na Nikon, F, 46.5. Sababbin kuwa gajeru ne tunda babu madubi a tsakani: RF 20, E na Sony 18, Z 16. Gilashin da aka ƙera don doguwar tazara yana hawa bodi mai gajeriya in aka sa masa zoben da zai cike gibin, wato adafta. A juya abin, ba ya yiwuwa. Ma'ana, tsofaffin gilasanmu suna da hanyar shiga sabuwar duniya, amma gilashin Z da ka saya yau babu inda zai je sai bodin Nikon, na RF ma haka yake zaune a gidan Canon.

Tun 1987 da Canon ta fito da EF ta sa motar fokas a cikin gilashi, magana tsakanin bodi da gilashi duk ta lantarki ce. Shi ya sa adaftar Canon ta EF zuwa RF ba ta da gilashi ko ɗaya a ciki, zobe ne kawai da ke miƙa saƙo, kuma dala 99 aka sa mata. Ka ɗaura 70-200 ɗinka a kan R6 ta wannan zoben, zai kama ido kamar don ita aka ƙera shi. Sau da yawa ma ya fi yin daidai a kan yadda yake a DSLR, saboda marar madubi a kan sensar kanta take auna fokas, babu wannan matsalar ta fokas ya faɗa kan kunne alhali ido ka saita. Mutanen Nikon su ma suna da tasu adaftar, FTZ, amma su akwai sharaɗi. Gilasan AF-S da AF-P suna aiki lafiya. Tsofaffin nan masu harafin D, irin su 50 f/1.8D da 85 f/1.8D da 80-200 f/2.8D waɗanda da yawanmu muka saya saboda sauƙin kuɗinsu, motar bodi ce ke juya su, FTZ kuwa ba ta da mota. Za su hau, za su ɗauki hoto, amma fokas da hannu za ka yi. Wanda duk jakarsa irin waɗannan ce, tsohon kayansa bai ɗaure shi ga Nikon ba, yana iya duba ko'ina.

Yaron ya ce, "Oga, ai akwai adaftar da ke sa gilashin Canon a kan Sony." Akwai, Sigma MC-11 da Metabones. Sai dai akwai bambanci tsakanin wanda kuke jin yare ɗaya da wanda sai an sa muku tafinta. Duk wanda ya taɓa ciniki a kasuwar Mile 12 da tafinta a tsakani ya san maganar tana isa, amma tana isa a makare, wani lokacin kuma ba yadda aka faɗe ta ba. Sigma da kanta gilasanta kawai ta lamunce wa MC-11. A hoton sutudiyo, mutum yana zaune ga haske, abin yana tafiya. Amarya ta shigo ɗakin dina ana watsa mata fitilu masu launi, ƙawaye sun kewaye ta, kai kuma kana ja da baya kana ɗauka, a nan ne ba na son tafinta. Wanda ya ƙaura da niyyar zama a kan adaftar wani kamfani, ƙarshenta sai ya sayi gilasan sabon gidan, don haka ya sa kuɗinsu a lissafi tun yau.

Na ɗauko takarda muka yi lissafin tare, da farashin da kayan suka fito da shi a dala, tunda shi ne ba ya rawa. In ya zauna a gida, R6 Mark II dala 2,499, adafta 99, jimla 2,598. Gilasansa huɗu suna nan, baturansa na LP-E6N suna shiga sabuwar, fitilunsa da tirigarsa suna aiki, tsohon bodin kuma ya zama na biyu, abin da duk mai ɗaukar biki ke buƙata. In ya ƙaura, ko da ta hanya mafi sauƙi ce, A7 IV 2,499, Tamron 28-75 f/2.8 G2 899, Tamron 70-180 f/2.8 G2 1,299, Sony 85 f/1.8 599, 50 f/1.8 249. Jimla 5,545, ba a sa batura ba, ba a sa fitilu ba. Tsakani akwai kusan dala 3,000, wanda a canjin naira 1,500 ya haura naira miliyan huɗu. Wannan gibin ne kuɗin tsohon kayansa zai cike, kuma ba lallai ya cike shi ba.

A nan naira ke yaudarar mutane. A farkon 2023 dala a hukumance ba ta kai naira 500 ba, zuwa 2024 ta haura 1,500. Gilashin da ka saya shekara biyar baya, in ka kai shi Computer Village a Ikeja ko Alaba, ana iya taya maka shi da naira fiye da yadda ka saya, ka ji kamar riba ka ci. Sai ka juya ka tambayi kuɗin madadinsa. Gilasan DSLR na hannu darajarsu a dala sauka take yi saboda Turawa da Amurkawa na ta zubar da su, sababbin kuma suna kan cikakken farashi. Dillali ma ba laifinsa ba ne, dole ya saya ƙasa ya sayar sama, da haka yake ci. Kowane abu ka sayar sai ka bar wani kaso a kan kantarsa, kuma abu 15 za ka sayar.

Kada a ɗauka Sony nake kushewa. Akwai inda ta yi wa Canon fintinkau, kuma wajen ya shafi aljihun talaka kai tsaye. Tun 2011 ta buɗe wa masu ƙera gilashi bayanan bakinta na E, shi ya sa Sigma da Tamron da Samyang da Viltrox suka cika kasuwa da gilasai masu fokas da kansu a kan kuɗin da mutum zai iya. Canon ta riƙe bakin RF gam. A 2022 aka sa Viltrox ta daina sayar da gilasanta na RF masu fokas da kansu, kuma ko da Sigma da Tamron suka samu izini a 2024, na ƙaramar sensa aka fara ba su. RF 24-70 f/2.8 dala 2,299 ya fito, Sigma 24-70 f/2.8 na Sony kuwa 1,099. RF 70-200 f/2.8 dala 2,699, ninki biyu na Tamron 70-180. Sannan ga Tamron 35-150 f/2-2.8, gilashin da mutum zai ɗaura tun daga ɗaurin aure har a tashi dina bai cire ba, akwai shi na Sony tun 2021, na Nikon tun 2023. Canon ta ɗan rage zafin da RF 28-70 f/2.8 da ta fitar a 2024 a kan dala 1,099, kuma ainihin mafakar mai ƙaramin ƙarfi a gidanta ita ce tarin gilasan EF na tokumbo da adafta. Amma wanda ke son sabo fil, mara nauyi, marar adafta, kuma kuɗinsa a ƙirge suke, Sony ta fi yi masa sauƙi. Wannan ba na jayayya a kansa.

Nikon tana tsakiya. Ta bar Tamron da Viltrox sun shigo, kuma da yake bakin Z ne mafi gajeriyar tazara, har gilasan Sony suna hawansa da wata siririyar adafta mai kaurin milimita biyu, irin ta Megadap. Z5II da ta fito a 2025 a kan dala 1,699, da babbar sensa da kati biyu da abin hana girgiza, a ganina babu mai ɗaukar biki da zai raina ta. R8 ta Canon ta fi ta sauƙi, 1,499, amma kati ɗaya ne da ita, babu hana girgiza a bodi, batirinta kuma ƙarami ne, don haka ba ta warware wa yaron nan matsalarsa ba. Fujifilm da Panasonic kayansu na da kyau, sai dai kafin ka samu wanda zai ara maka batirinsu a wajen biki a garin nan ka sha wuya.

Wannan maganar aron ita ce abin da babu mai bayani a YouTube da zai gaya maka, don shi ba a Legas yake aiki ba. A garin nan babu mai hoton da ke tsaye da ƙafarsa shi kaɗai. Ka tashi daga Agege aiki yana Lekki, ka shafe awa uku a gosulo, ka hau gadar Third Mainland sannan ka tuna wuta ba ta zo ba jiya, batura biyu kawai suka cika. Komawa gida ba ta taso ba. Abin da zai cece ka shi ne abokin sana'ar da za ka tarar a wajen, ko wanda ke kusa da za ka kira ya aiko ɗan acaɓa ko mai Keke da batir. In batirinsa ba ya shiga kyamararka, zumuncinku bai amfane ka ba a ranar. Haka gilashi. Mutum nawa ne cikinmu ke da 16-35 nasa na kansa? Aro muke yi ranar da aikin ya buƙaci a ɗauki cikin masallaci ko faɗin ɗakin taro. Haka in aiki ya yi girma ka ɗauki mutum na biyu, ka miƙa masa bodinka na biyu ka ci gaba ba tare da ka tsaya koya masa ba. Saboda haka tambayar da na yi wa yaron ita ce ya ƙirga min mutum biyar da zai iya kira ƙarfe goma na dare su ara masa kaya. Ya ƙirga. Huɗu Canon suke riƙe da ita. Da a ce huɗun Sony ne, da shawarata ta karkata wani wajen, kuma na san da'irori a Ikeja da Surulere, musamman na masu bidiyo, inda haka abin yake.

Mai gyara ma yana cikin wannan lissafin. Iskar Legas cike take da danshi, damina kuma doguwa ce, gilashin da aka bari a jaka wata biyu sai fumfuna ta yi masa saƙa a ciki, ko na wane kamfani ne. Wanda ke zuwa Arewa aiki lokacin hunturu kuma ga ƙura, marar madubi kuwa da ka cire gilashi sensarta a buɗe take, in ba irin waɗanda ke rufe labule in an kashe su ba. Kafin ka koma kowane kamfani, je wajen mai gyaranka ka tambaye shi wanne yake buɗewa da ƙwarin gwiwa, kuma na wanne yake samun kayan gyara ba sai an jira sun zo daga waje ba. Amsarsa ta fi duk wani jadawalin megafiksel amfani.

Batun batir kuwa, duk wanda ya bar DSLR zai ji a jikinsa ko wane gida ya shiga. A awon kamfanoni D750 ta Nikon tana ɗaukar hoto 1,230 da caji ɗaya, 6D Mark II 1,200. A7 III da ake yabon batirinta 710 ne, wasu marasa madubin ba su kai 400 ba. Sauƙin da aka samu shi ne sababbin suna caji ta USB-C, fawabank ma yana yi. Fitilu kuma rabi da rabi ne: AD200 da AD600 ba ruwansu da kamfani, tiriga kawai za ka canza, amma V860 da V1 da ke hawa kan kyamara kowacce da harafinta, C ko N ko S. Shi ya sa na ce cikin kayan yaron guda 16, AD200 ce kaɗai za ta bi shi sabon gida yadda take.

Sai launi, wanda a kansa aka fi musu a majalisarmu. An daɗe ana cewa Canon ta fi iya fatar mutum, Sony tana ja zuwa kore. A tsofaffin Sony maganar tana da tushe, a na yanzu ta ragu ƙwarai. Kuma ainihin wahalar aikinmu ba a nan take ba. Ango baƙi ne, ya sa farar shadda mai ƙyalli, amarya ta sha leshi mai duwatsu, mai ado ya kunna musu fitila shuɗiya da ruwan hoda. In ka ba fuska haskenta babbar riga ta ƙone, aikin ɗinkin ya ɓace, in ka tsare riga fuska ta nutse. Maganin wannan shi ne ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta tace ba, ka kawo haskenka da kanka, ka san awo. A7 IV da R6 Mark II da Z6III duk suna da ƙarfin da za ka ɗago duhu ba tare da hoto ya lalace ba, wasu ma cikin na Nikon sensar da Sony ta ƙera ce a cikinsu. Wanda launin kamfani ya shafa da gaske shi ne mai hoton nan take, wanda ke ɗauka ya wanke ya miƙa wa baƙi kafin a tashi, don shi abin da kyamara ta ba shi a JPEG shi zai buga. Ga sauranmu, ƙaura tana nufin duk saitin launin da ka gina a manhajar gyaran hoto ta Lightroom shekara da shekaru sai ka sake zama a kansa. A duba kwamfuta ma: tsohon Lightroom 6 da har yanzu wasu ke riƙe da shi ba ya buɗe fayil ɗin sababbin kyamarorin nan, CR3 na Canon ne ko sabon ARW na Sony, sai an bi ta DNG Converter na Adobe, wanda kyauta ne amma yana cin lokaci.

Akwai kuma hannu. Ni na taɓa yin irin wannan ƙaurar shekarun baya, kuma abin da ya fi yi min ciwo ba kuɗin da na bari wajen dillalai ba ne. Sati biyu da sayen sabon kaya na karɓi aikin buɗar kai. Uwar ango ta miƙa hannu ta ɗaga mayafin amarya, abin da bai fi ƙiftawar ido ba, ni kuma yatsana ya tafi inda ya saba samun maɓallin ƙara haske, ya tarar da wani abu daban. Kafin in duba in gyara an gama. Laifina ne, na fafe gora ranar tafiya. Na ba su haƙuri sun kuma yi min uzuri, amma har yau in na tuna fuskar dattijuwar nan lokacin da take juya albam tana neman hoton, sai in ji babu daɗi. Zoben zuƙowa na Canon da na Nikon kowanne ɓangarensa daban yake juyawa, ɗaura gilashi ma haka. Sai mutum ya yi watanni kafin hannunsa ya daina tunani, kuma a cikin watannin nan bukukuwan mutane ne a gabansa.

Wanda bidiyo ne rabin abincinsa, shi lissafinsa daban ne. A7 III da R6 ta farko da Z6 II duk suna yanke ɗauka kafin minti 30 ya cika, abin da ke ba mai ɗaukar wa'azi ko tafsirin azumi ko walimar saukar karatu wahala. A7 IV da R6 Mark II sun cire wannan iyakar. Ka ga nan ma shekarar fitowa ce ta raba, ba kamfani ba. Amma in ayarin da ke ba ka aiki da FX3 ko A7S III ko FX30 suke ɗauka, mai tace bidiyon zai so launin kowa ya zo ɗaya, kuma za a fi kiran wanda kayansa suka dace da nasu. Wannan dalili ne mai ƙarfi na komawa Sony, don aiki ne zai biya kuɗin ƙaurar. Kamfanin dillancin labarai na AP ya mayar da duk masu ɗaukar masa hoto da bidiyo kan Sony a 2020 saboda irin wannan dalilin, kowa ya zama a kan tsari ɗaya. Sai dai su kamfani ne ya saya musu, kuma gaba ɗayansu suka tashi tare.

To wa ƙaura ta dace da shi? Mai ƙaramar kyamara irin 2000D ta Canon ko D3500 ta Nikon da gilashin 18-55 da ya zo da ita, da ɗan 50 guda ɗaya, babu abin da ya riƙe shi, ya dubi abokan aikinsa da aljihunsa ya zaɓa, kuma in su biyun ba su hana ba ni Sony zan nuna masa saboda sauƙin gilasai. Mai M50 ta Canon ma haka, don gilashin bakinta na EF-M ba ya hawa RF ko da adafta, Canon kuma ta daina wannan layin. Mai tsofaffin gilasan D na Nikon na riga na faɗi nasa. Sai mai bidiyon da ayarinsa ke wani gida. Amma wanda ya tara gilasai uku ko huɗu masu kyau na EF ko AF-S, ga fitilu ga batura ga abokan aro, in ya sayar ya koma wani kamfani don kawai ya samu kama ido da kati biyu, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri, ga kuma bashi.

Ko wacce hanya mutum zai bi, kada ya sayar da komai sai ya gwada. Akwai masu ba da hayar kyamara a Legas. A ɗauki wadda ake sha'awa a matsayin bodi na biyu a aiki biyu ko uku, a ɗakin dina mai duhu da kuma tsakar rana a ƙofar masallaci, a kawo hotunan gida a buɗe su a kwamfutar da aka saba. A gwada ta a kan amarya mai lulluɓi, don kama ido ba ya aiki in babu idon da za a gani, a nan sai ka san yadda ake karɓe fokas daga hannun kyamara da sauri. In ta hannu za a saya, a duba ƙirgen shota, a haska tocila ta cikin gilashi a nemi fumfuna, a gwada ramukan kati duka biyun, a ɗora fitila a ga tana tashi, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kayan.

Yaron ya daɗe yana kallon takardar lissafin. Ya ce, "Oga, to in na samu R6 ta farko ta hannu fa? Kuɗina ba su kai na Mark II ba." Na ce kati biyu ne da ita, tana kama ido, tana 4K, megafiksel 20 kuma ya ishi albam, abin da zai kula da shi kawai shi ne iyakar minti 30 ɗin nan in wa'azi zai ɗauka. Muka yi waya da wani abokin aikinmu a Ikeja da ke da ita, ya yarda zai ba shi haya da adaftarta ranar Asabar, akwai ɗaurin aure a Idi-Araba da safe, dina kuma da dare. Ya fara mayar da kayansa jaka ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan 70-200 ɗin sai ya goge shi da gefen rigarsa, ya tambaye ni ko har yanzu ina da ragowar ƙullin nan masu tsotse danshi, don nasa sun daɗe da jiƙewa. Na buɗe durowa na ba shi guda uku.